Ɓatan Makulli Ba Hujjar Kwance Wa Mota Tsaro Ba Ce

Akasarin motocin da ke yawo a titunan Kano, Kaduna, Sakkwato da Maraɗi ba sababbi aka saye su ba. Beljiyam ne, sun ci zamaninsu a Amurka ko Kanada ko Turai kafin su biyo jirgin ruwa su sauka a Legas ko Kwatano, kuma duk wanda ya taɓa cinikin irinsu ya san sau da yawa makulli ɗaya tal dillali yake miƙawa. Mai saye zai saurari ƙarar inji, ya gwada giya, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi ko akwai tsatsa, ya ja da baya ya ƙare wa fenti kallo, amma da wuya ka ji ya tambayi ina makulli na biyu. Sai ranar da wannan ɗayan ya faɗi a kasuwa ko a wurin ɗaurin aure, sannan zai gano cewa abin da ya ɗauka guntun ƙarfe ne ya fi ƙarfin mai yankan makulli na bakin titi. Za a faɗa masa kuɗin da zai sa ya dafe kai, sai wani ya matso ya ba shi shawara mai sauƙi: a cire sikiritin kawai kowa ya huta. Da wannan shawarar nake jayayya. Na'urar da ke hana mota tashi da baƙon makulli, wato imobilaiza, tana cikin abubuwa ƙalilan da aka tabbatar sun rage satar mota a duniya, kuma maganin wahalar da take jawo mana shi ne a gyara sana'ar saita makulli ta zama mai tsari da amana. Kashe na'urar ba magani ba ne.

Sai mun fahimci abin da ke cikin makullin kafin mu yi hukunci. A cikin baƙar robar da ke kan makulli akwai wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya, cif, wadda ba ta buƙatar batir. A kewayen ramin da ake zura makulli kuma akwai zoben siririyar waya da aka naɗe. Da an murɗa makulli, zoben zai saki ɗan ƙarfin maganaɗisu da ya isa ya farkar da cif ɗin. A motocin farko, lamba ɗaya tsayayya cif ɗin yake faɗa. A na baya, mota ce ke aika masa tambaya ta lambobi, sabuwa a kowane tashi, shi kuma ya lissafa amsa da wani sirri da su biyu kaɗai suka sani. Idan amsar ta yi daidai, kwamfutar inji, wadda kanikawa ke kira birenbos, sai ta saki mai da wuta. Idan ba ta yi ba, ka ji kik yana ta juya inji amma ya ƙi kamawa, ko motar ta tashi daƙiƙa biyu ta mutu, ga 'yar fitila mai hoton makulli tana ta ƙiftawa a dashbod. Rimot ɗin da ke buɗe ƙofa wani abu ne daban, shi ne mai cin batir, kuma na motocin Amurka yawanci a kan zango 315 yake aiki, na Turai a kan 433, shi ya sa rimot ɗin Corolla 'yar Turai ba zai yi wa 'yar Amurka magana ba ko da kamanninsu ɗaya. Hatta motocin da ake tayarwa da danna maɓalli suna da cif a cikin rimot, dalilin da ya sa ke nan idan batirinsa ya mutu, a yawancinsu ana kara shi a jikin maɓallin a danna, mota ta tashi.

Ke nan yin sabon makulli aiki uku ne: a yanka ƙarfen ya shiga rami ya juya, a gabatar da cif ɗin ga kwamfutar mota ta karɓe shi, a saita rimot. Idan akwai makulli mai aiki a hannu, abin bai da wuya. Mai saiti zai tsuguna ya jona na'urarsa a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda doka ta wajabta wa motocin Amurka tun 1996, motar ta ga tsohon makullinta a matsayin shaida, ta amince da sabon. A tsofaffin motocin Ford da dama, wanda ke da makulli biyu masu aiki zai iya saita na uku da kansa ba tare da wata na'ura ba. Amma idan duka sun ɓata, labari ya canja. Kamfanonin da kansu suka tsananta hanyar, domin wanda makullinsa ya ɓata da ɓarawo kamarsu ɗaya a idon mota. Wasu motocin sai an kawo lambar sirri, kamar Peugeot da take zuwa da kati mai lamba huɗu a ɓoye. Wasu an sa musu jira na dole, minti 10 a Ford, minti 16 a wasu Toyota, rabin awa a motocin General Motors da yawa, don kada ɓarawo ya gama a tsaye. A wasu sai an kwance akwatin kwamfutar an buɗe shi a kan tebur an karanta ƙwaƙwalwarsa, aikin da kuskure ɗaya zai iya kashe akwatin baki ɗaya. Sababbin Marsandi kuwa sai an nemo makullin ta hannun kamfani. Mai saitin da ya faɗi kuɗi masu nauyi a irin wannan hali ba lallai ne mugu ba. Na'urorin Autel ko Xhorse ko Launch da yake aiki da su da dala ake sayensu, wasu kuma da dala ake sabunta su duk shekara. Akwai masu tsawwalawa don sun ga mutum a matse, wannan gaskiya ce, amma asalin tsadar daga ɓatan makullin ƙarshe take tasowa, kuma ita ce tsadar da aka fi iya kauce wa.

To, mene ne wannan cire sikiriti da ake yi wa kallon sauƙi? Hanyoyinsa biyu ne suka fi yawa. A ta farko, mutum yana da makulli ɗaya yana son ƙari ba tare da ya biya kuɗin saiti ba, sai mai wayarin ya fasa kan makullin ya zaro cif ɗin, ya kwance robar da ke rufe wuyan sitiyari, ya manna shi da gam a jikin zoben, ya naɗe da salatif, ya mayar da roba ya ɗaure. Daga ranar, motar kullum tana jin amsar da take nema, don haka duk ƙarfen da ya iya juya makunni zai tayar da ita. A ta biyu, a shiga kwamfutar inji a goge sashen da ke tambayar makulli, ko a musanya ta da wadda aka riga aka goge. Mai mota zai koma gida yana murna ya yanka makulli uku da kuɗin da bai kai na ɗaya ba. Abin da bai lura ba shi ne ya mayar da motar 2010 matsayin motar 1985 ta fuskar tsaro, kuma ya yi hakan a gaban mai wayarin da yaransa da duk wanda ke zaune a bencin garejin. Mafi muni, idan ya tashi sayar da ita ba zai faɗa ba, sai wani bawan Allah ya saya yana zaton motarsa a kulle take.

Wani zai ce ai tsaron nan duk talla ce ta kamfanoni. Hujja ba ta goyi bayansa ba. Tarayyar Turai ta wajabta imobilaiza a kan duk sababbin ƙananan motoci daga Oktoban 1998, Ostareliya ta bi sahu a 2001, Kanada a 2007. Da yake a Turai an tilasta wa kowa a lokaci ɗaya, masana sun samu damar auna tasirinta, kuma binciken da Jan van Ours da Ben Vollaard suka wallafa a mujallar Economic Journal a 2016, bisa alƙaluman Holan, ya kiyasta cewa ta rage satar mota da kusan kashi 40 cikin ɗari. Ba a ƙara 'yan sanda ba, ba a tsaurara hukunci ba, na'ura ce kawai mai araha da aka sa a masana'anta.

Amma darasin da ya fi kusa da mu daga Amurka ya fito, ƙasar da ba ta taɓa wajabta na'urar ba. Kamfanoni sun riƙa sa ta don raɗin kansu, ban da Hyundai da Kia da suka ga damar rage kuɗi a motocinsu masu araha. Cibiyar da ke tattara alƙaluman asara ga kamfanonin inshorar Amurka ta gano cewa a motocin ƙirar 2015, kashi 96 cikin ɗari na samfuran sauran kamfanoni suna da imobilaiza, na Hyundai da Kia kuwa kashi 26 ne kacal. Shekaru aka yi ba wanda ya damu, har wasu matasa a birnin Milwaukee suka gano cewa da an ɓalle robar sitiyari, bakin wayar caji ma ya isa ya murɗa makunni. Suka riƙa ɗaukar bidiyo suna sakawa a TikTok, abin ya bazu kamar annoba daga 2021, yara 'yan makaranta suna satar mota don nishaɗi. A Fabrairun 2023 hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta danganta haɗura aƙalla 14 da mutuwar mutum 8 da wannan wasa, kuma kamfanonin biyu suka fara gyaran manhajar motoci kimanin miliyan 8.3. Manyan kamfanonin inshora sun daina karɓar wasu samfuran a wasu birane, sannan a watan Mayun shekarar aka cimma sulhun da ya kai kusan dala miliyan 200 da masu motocin. Abin lura shi ne ba ƙwararrun ɓarayi ne suka yi wannan ɓarna ba, yaran unguwa ne da suka ji labarin ƙofa a buɗe take. Abin da Hyundai da Kia suka yi wa abokan cinikinsu har aka maka su a kotu, shi muke biyan kuɗi a yi wa motocinmu. Kuma mai Elantra ko Sonata ko Optima 'yar Amurka ta tsakanin 2011 da 2021, wadda ake tayarwa da murɗa makulli, ya kamata ya bincika, don wataƙila tasa tun daga masana'anta ba ta zo da na'urar ba.

Jayayya mafi ƙarfi da za a kawo mini ita ce ta yanayinmu. A nan, in ji mai jayayya, ba a ɓoye ake ɗauke mota ba. Tare ka ake yi da bindiga a ƙofar gida ko a kan hanya, a karɓi mota da makullinta, to me cif zai hana? Babu abin da zai hana, na yarda, kuma duk wanda bindiga ta tare ya miƙa makulli ya tsira da ransa. Sai dai ba duk sata ce fashi ba. Motocin da ake nema a rasa bayan sallar Juma'a, da na bakin kasuwa, da na harabar asibiti, da na wurin biki, masu su ba su ga bindiga ba; sun fito ne suka tarar da fili. Ɓarawon irin wannan wuri mintuna kaɗan gare shi, kuma yana zaɓe. Ba banza ba ne tsofaffin motocin da ba su da na'urar suka fi shiga hannunsa. Fashi da makami laifi ne mai haɗarin rai da hukunci mai tsanani, ba kowane ɓarawo ke da zuciyarsa ba. Rufe ƙaramar ƙofa bai zama wauta don babbar ta gagara ba.

Jayayya ta biyu ita ce ɓarayi sun riga sun karya sirrin. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. A 2005 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins sun fasa tsarin cif ɗin kamfanin Texas Instruments da ke cikin miliyoyin motoci. Wasu masanan daga Holan da Birtaniya sun gano raunin tsarin Megamos, har kamfanin Volkswagen ya je kotu a Landan a 2013 ya hana su wallafawa, sai a 2015 aikin ya fito. Motocin da ba a zura musu makulli kuwa, ɓarayi na amfani da na'urori biyu su janyo siginar rimot daga cikin gida zuwa jikin mota. Amma a dubi abin da wannan ke nufi. Satar da a da sukudireba ke yi, yanzu sai da na'ura mai tsada da ilimi da shiri, wato an kori dubban ƙananan ɓarayi an bar ƙungiyoyi ƙalilan. Kuma ɗaya daga cikin manyan hanyoyin waɗannan ƙungiyoyi ita ce ta kai ni ga zuciyar maganata: su fasa mota, su jona na'urar saita makulli a soket ɗin nan na ƙarƙashin sitiyari, su yi wa kansu sabon makulli. Na'urar da ke ceton wanda makullinsa ya ɓata, ita ce dai a hannun ɓarawo. Babu wani bambanci tsakanin aikin biyu sai wanda ya riƙe ta, da wanda ya yi wa aiki.

Kada mu ɗauka wannan matsalar Turawa ce. A 2022 an sace motoci sama da 105,000 a Kanada, kuma hukumomin ƙasar sun bayyana cewa da yawa ta tashar jirgin ruwan Montreal ake fitar da su zuwa Afirka ta Yamma da Gabas ta Tsakiya. Abin ya kai gwamnatinsu ta kira taron ƙasa kan satar mota a Ottawa a Fabrairun 2024. A shekarar ce hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano a Najeriya, kuma a Maris ɗin 2025 wani samame da Interpol ta jagoranta a ƙasashen Afirka ta Yamma 12 ya gano kimanin motocin sata 150, galibinsu daga Kanada. Motar da aka sato galibi ba ta zuwa da makullanta na asali. Wani ne ya saita mata, ko can ko nan. Ba ina cewa duk mota mai makulli ɗaya ta sata ba ce, Allah ya kiyaye. Yawancinsu daga gwanjon motocin haɗari suke, inda makulli ɗaya ko babu ma ba abin mamaki ba ne. Ina cewa ne idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kasuwar da ba ta tambayar makulli na biyu, kuma take da masu saita makulli ga duk wanda ya zo da kuɗi, ta sauƙaƙa wa ɓarawon zaune aikinsa.

Yadda Amurka ta ɓullo wa wannan ya cancanci nazari, domin ba ta hana sana'ar ba. Tun 2008 akwai rajista ta musamman a ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna NASTF, wadda ta haɗa kamfanonin mota da masu gyara masu zaman kansu. Mai sana'ar makulli da ke son samun lambobin sirri daga kamfani sai an binciki tarihinsa, ya nuna shaidar sana'a da inshora, a ba shi lambar kansa. Kafin ya yi wa kowa aiki, sai ya ga katin shaidar mutum da takardar mallakar mota, ya cike fom ya ajiye, kuma kowace buƙata da ya aika tana barin sawu. Turai ma ta kafa makamancin wannan tsari. Hikimar ita ce an raba wa ƙananan masu sana'a ilimin da a da kamfani ya ɓoye, amma an ɗaura masa igiya. Na fi son wannan a kan ra'ayin masu cewa a bar aikin makulli ga wakilan kamfani kaɗai. A ƙasar da mai mota a Nguru ko Zuru zai yi tafiyar yini kafin ya ga wakilin kamfanin motarsa, in ma akwai, kuma motar tasa ba ta hannunsu ta shigo ba, wannan ra'ayi tura mutane ne kai tsaye zuwa ga mai salatif.

Abin da nake ba da shawara bai buƙaci sabuwar doka daga Abuja ba, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A kasuwar kara, tun kaka da kakanni, baƙo ba ya shigowa da sa ya sayar sai da dillalin da ya tsaya masa, don in ta tashi daga baya a san wanda za a kama. Haka ya kamata aikin makulli ya zama. Ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA, tana da rassa a garejinmu, kuma kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Apo a Abuja duk suna da shugabanni da ake jin maganarsu. Su san su waye masu na'urar saita makulli a cikinsu, su rubuta sunayensu. Duk wanda ya zo a yi masa makulli ba tare da tsohon a hannu ba, ya kawo takardun mota da katin ɗan ƙasa, mai saiti ya duba lambar casis mai haruffa 17 da ke jikin gilashin gaba da ƙofar direba ya ga ta dace da takarda, ya ɗauki hoton mutum da mota, ya rubuta a littafi. Wanda aka kira shi da tsakar dare zuwa wani kango a bayan gari don ya tayar da motar da ba lamba, ya san abin da ake kiransa ya yi, kuma ƙungiya ta hukunta shi idan ya je. Wannan kariya ce ga mai sana'ar kansa, don ranar da aka kama motar, shi ne na farko da za a nuna, kuma littafin nan ne zai fitar da shi.

Na san abin da za a ce. Takardun motoci da yawa suna ɗauke da sunan wanda ya sayar ne, ba a yi canjin mallaka ba. Wasu takardun suna cikin motar da aka kulle. Na jabu kuma ba su da wuyar samu. Duk haka ne. Amma takardar ciniki da shaidar dillali ko mai unguwa za su iya cike gurbin farko, buɗe ƙofa a ɗauko takarda a gaban shaidu ya warware na biyu, na uku kuwa ɓarawo ya fi tsoron a ɗauki hotonsa da a duba takardarsa. Za a kuma ce duk tsarin da aka kawo a ƙasar nan yakan rikiɗe ya zama hanyar karɓar kuɗi. Wannan tsoro yana da tushe. Rajistar motoci ta intanet da rundunar 'yan sanda ta ɓullo da ita, e-CMR, an dakatar da tilasta ta a Yulin 2024 bayan jama'a sun yi ca a kanta suna ganin wani sabon haraji ne. Shi ya sa na fi son a fara daga ƙungiyoyin sana'a. Gudummawar hukuma ɗaya ce, kuma mai sauƙi: ta ba mai saitin da ya yi rajista damar shigar da lambar casis a wayarsa, kyauta, ya ga ko an kai rahoton satar motar. In rumbun bayanan da aka tara ba zai iya wannan ba, to amfaninsa ga mai mota kaɗan ne.

Saura ƙorafin direbobin doguwar hanya, waɗanda ke cewa na'urar kan yi gardama a inda babu mai gyara, ta bar mutum a daji da iyalinsa. A halin da hanyoyinmu ke ciki, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma ban raina ta ba. Sai dai a yawancin lokuta ba na'urar ce ta lalace ba. Ko dai kan makullin ya tsage cif ya faɗi, ko zoben ya saki waya, ko batirin mota ya yi sanyi, ko an wanke inji ruwa ya shiga soket, ko wani ya yi haɗin waya barkatai wajen sa rediyo ko tiraka. Makulli na biyu a aljihun jaka yana warware na farko nan take, sauran kuwa aikin mai wayarin ne da ya san abin da yake yi. Matsalarmu ita ce da yawan masu wayarin sun koyi sana'a a kan motocin da ba su da kwamfuta, idan abu ya gagare su sai su yanke shi. Hukumar NADDC tana horar da kanikawa kan motocin zamani. Ya kamata ita da gwamnatocin jihohi su sa gano matsalar imobilaiza da saita makulli a sahun gaba, su kuma kai horon ƙananan garuruwa. Matasanmu da ke kwance waya su ɗaga ƙwaƙwalwarta su mayar a kasuwannin waya ba za su kasa wannan ba.

Akwai kuma wata fa'ida da mai cire sikiriti ke zubarwa ba tare da ya sani ba. Kwamfutar mota tana riƙe da jerin makullan da ta sani, kuma ana iya goge su. Wanda ya sayi mota ta hannu bai san makulli nawa ke yawo a gari ba: na tsohon mai ita, na direbansa da aka sallama, na wanda aka taɓa ba aro. Da na'urar na aiki, zama ɗaya ya isa a goge duka a bar na hannunsa, sauran su koma ƙarfen da zai iya buɗe ƙofa amma ba zai tayar da inji ba. Haka idan makulli ya ɓata. A nan ne ya kamata mai mota ya san bambancin saiti da kwafi. Kwafi shi ne a kwaikwayi cif ɗin tsohon makulli a zuba a sabo, ya fi araha kuma yana tayar da mota, amma a wurin kwamfuta su biyun makulli ɗaya ne, don haka ranar da na asali ya ɓata ba za a iya goge shi a bar kwafin ba. Wanda aka saita shi da sunansa daban shi ne safaya ta gaskiya. Mai mota ya tambaya a fili wanne za a yi masa, ya kuma sa a nuna masa a fuskar na'ura adadin makullan da motarsa ta sani.

Dillalai ma da nasu rabon. Makulli na biyu ya shiga cikin ciniki kamar yadda safaya taya da jak suke shiga. In babu, a rage kuɗinsa ko a yi shi kafin a biya la'ada. Mai saye kuma ya sa mai saitin da ya yarda da shi ya tabbatar na'urar tana aiki, ko aƙalla ya leƙa wuyan sitiyari ko zai ga gam da salatif. Da masu saye za su fara mayar da motar da aka kwance wa tsaro, ko su karya mata farashi, da al'adar ta mutu ba tare da an kama kowa ba.

Mai karatu, idan makullin motarka ɗaya ne, kada ka jira ya ɓata. Ka je a makon nan a saita maka na biyu tun na farko yana hannunka, ka sa a goge waɗanda ba ka san inda suke ba, ka ajiye safayar a gida ba cikin mota ba. Shugabannin kanikawa kuma, littafi da biro da kyamarar waya kawai ake buƙata a fara, kuma ya fi kyau ku fara da kanku tun kafin wata hukuma ta zo ta ɗora muku nata tsarin da kuɗinsa.